Ma'anar ALT a takardar gwajin mai ciwon hanta nau'in B

Da yawa daga cikin mutanen Zariya da ke ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B ba rashin lafiya ce ta sa suka san haka ba. Mutum zai je Asibitin Koyarwa na Shika don ya ba ɗan'uwansa jini, ko a nemi ya yi gwaji kafin aure, sai a ja shi gefe a gaya masa cewa ba za a ɗauki jininsa ba. Ba abin mamaki ba ne, domin binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar. Daga nan sai a rubuta masa ƙarin gwaje-gwaje, ya dawo da takarda cike da haruffa da lambobi, kuma wanda ya fi shiga bakin mutane a cikinsu shi ne ALT. Ana yawan jin "ALT ɗina ya hau" ko "Alhamdu lillahi ya sauka", alhali ba kowa ne ya san abin da haruffan nan uku suke aunawa ba.

ALT taƙaitaccen sunan wani sinadari ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin halittar hanta, inda yake taimakawa wajen sarrafa furotin. Da yake a cikin ƙwayoyin hantar yake aikinsa, kaɗan ne kawai ake samu a jinin mai lafiya, sai idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni ko sun fashe ne yake tsiyayowa ya yawaita a jini. Misalinsa kamar masarar da ta zube a bayan amalanke ce, wadda duk wanda ya gan ta ya san buhu ya huje. Yawancin ɗakunan gwaji suna rubuta 40 ko abin da ya yi kusa da haka a matsayin iyaka, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar a 30 ga namiji da 19 ga mace. Saboda haka matar da takardarta ta nuna 33 tana iya ganin babu alamar da aka yi wa lambar, ta ɗauka lafiya lau, alhali a ma'aunin hukumar ta haura.

Abin da ke fasa ƙwayoyin hantar galibi garkuwar jikin mutum ce, a ƙoƙarinta na kashe ƙwayoyin da cutar ta shiga. Wannan ne ya sa jaririn da ya kamu a wajen haihuwa, wanda a cikin goma kusan tara cutar takan zauna musu, yakan yi shekaru da ƙwayar cuta jingim a jininsa amma ALT bai motsa ba, domin garkuwarsa ba ta fara yaƙin ba tukuna. Idan ta fara, sai lambar ta riƙa hawa tana sauka, kuma kowane hawa yana iya barin tabo a hanta. Don haka gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, sai an maimaita cikin watanni. Kuma ba cutar kaɗai ke ɗaga ALT ba, giya da kitsen hanta da shan farasitamol fiye da ƙima da magungunan tarin fuka duk suna yi. Haka ma wasu jiƙe-jiƙen da ake tallar su da lasifika a kasuwa da sunan wankin hanta, waɗanda a ganina ya kamata mai wannan cuta ya gaya wa likita idan ya sha, ko da kuwa yana jin nauyin faɗa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar ALT a matsayin ma'aunin lafiyar hanta gaba ɗaya. Ɓarnar da ake cikin yi a lokacin ɗibar jinin yake nunawa, bai san komai ba game da tabon da ya taru cikin shekara ashirin. Buhun da ya kusa ƙarewa ba ya zubar da masara da yawa, haka ita ma hantar da tabo ya cinye ta har ta taurare tana iya ba da ALT daidai, saboda ƙwayoyin da suka rage ba su da yawa.

Domin a gano tabon ne ake haɗa wasu lambobi biyu da galibi suna nan cikin takardun da mutum ya riga ya biya kuɗinsu. Na farko AST, ɗan'uwan ALT, wanda ake samu har a tsoka da zuciya. Na biyu yawan ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ake rubutawa PLT. Idan hanta ta taurare, jinin da ke zuwa mata daga hanji yakan rasa hanya ya koma baya, saifa ta kumbura ta riƙe waɗannan ƙwayoyin, sai yawansu ya faɗi a jini. Lissafin da ke haɗa su shi ake kira APRI: a raba AST da iyakarsa, a ninka sau 100, sannan a raba da PLT. A ɗauki magidanci mai AST 38, iyaka 40, PLT ɗinsa 90. Lissafinsa zai ba da 1.06, duk da cewa AST bai haura iyaka ba. Wani mai AST 38 ɗin nan dai, amma PLT 250, zai samu 0.38. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, abin da ya wuce 0.5 alamar tabo ne mai yawa da ya isa a fara magani, abin da ya wuce 1 kuwa yana nuni da taurin hanta. Amfanin wannan lissafi a wuri irin namu a bayyane yake, tunda na'urar FibroScan mai auna taurin hanta ba kowane asibiti ke da ita ba, gwajin ƙidayar ƙwayar cutar a jini kuma yana da tsada.

Ko hanta tana iya aikinta kuwa, albumin (furotin da hanta ke ƙerawa) da bilirubin (sinadari mai launin rawaya da hanta ke fitarwa daga jini) ne ke faɗa. Idan albumin ya yi ƙasa sai ƙafafu su kumbura, ciki ya tara ruwa. Idan bilirubin ya hau sai ido ya yi rawaya, abin da muke kira shawara, kuma a cutar da ta daɗe wannan alama takan makara. Masu taurin hanta ana so su riƙa yin hoton ciki duk wata shida, wani lokaci tare da gwajin AFP (furotin da kan hau a jini idan daji ya kama hanta), don a kama dajin hanta da wuri, su kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, domin gubar afalatoksin da ke cikinsu tana ninka haɗarin ga mai wannan ƙwaya.

Wanda aka ɗora a kan maganin tenofovir ko entecavir yakan ga ALT ya sauka cikin watanni, sai ya ce, "Likita, tunda ya dawo daidai, ba sai in huta da shan maganin nan ba?" Maganin danne ƙwayar cutar yake yi, ba ya fitar da ita daga hanta, kuma idan aka yanke shi kwatsam takan taso da ƙarfi, ALT ya yi tsalle zuwa ɗaruruwa, wanda ga mai taurin hanta yana iya kai ta ga daina aiki.