Fili, zinari ko gidan haya: tambayoyin 'yan zango kafin su zuba kuɗi

Tun da darajar sidi, kuɗin Ghana, ta zube a 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, gwamnati kuma ta sauya sharuɗɗan takardun bashinta, mutane da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suka daina yarda da banki. Wanda ya samu rara sai ya nufi fili, ko zinari, ko kirifto.

To mene ne laifin hakan?

Shiga ba ta da wuya, fita ce aiki. Mai takardar baitulmali, wato takardar bashin gwamnati ta ɗan gajeren lokaci, ya san ranar da kuɗinsa za su dawo. Mai fili a bayan gari kuwa, ranar da asibiti ya nemi kuɗi, sai ya yi wata shida yana bin dillalai, a ƙarshe ya sayar a wulaƙance. Kuma inshorar ajiya da ke kare masu asusu a banki ba ta shafi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amma ai zinari ba ya ruɓewa?

Zinarin da ke hannunka ke nan. Menzgold ma da sunan zinari ta tara jama'a, tana alkawarin ribar kashi 7 zuwa 10 kowane wata, har hukumar SEC mai sa ido kan harkar zuba jari ta dakatar da ita a Satumbar 2018. Kafin ita an ga kamfanin ajiya da ba da rance na DKM ya durƙushe da kuɗin jama'a a 2015. A Nuwamban 2019 kuma SEC ta soke lasisin kamfanonin juya kuɗi 53, wato lasisin ma bai hana asara ba. Ni dai duk wanda ya yanka mini riba tun kafin a yi ciniki, nan nake tattara tabarmata. Mai son zinari na gaske, Babban Bankin Ghana ya fitar da sulallansa a 2024, ana sayensu ta bankuna.

Fili fa?

Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, haya ce ta shekaru ake ba ka, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya wuce shekara 50. Fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba sabon labari ba ne. Takardar sarkin gari kaɗai ba ta isa ba. A je Hukumar Filaye a bincika kafin kuɗi su bar aljihu.

Ina haraji ya shigo?

Nan ne lissafin mutane ke karkacewa. Kuɗin hayar gidan zama ana cire masa kashi 8, na shago ko sito kashi 15. Rabon ribar hannun jari kashi 8. Idan ka sayar da kadara sama da yadda ka saya, hukumar haraji ta GRA na da rabo a bambancin, a ƙarƙashin dokar harajin 2015. Abin haushin shi ne da sidi ake lissafin: filin da farashinsa ya ninka alhali kayan masarufi ma sun ninka, kai ba ka ƙaru ba, amma a takarda riba ce. Shi ya sa rasit ke da daraja, na siminti, na katanga, na mai safiyo, domin da su ake rage abin da za a kira riba. Lambar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, kuma ita ce lambar harajinka tun 2021.

Na fitar da zakka, bai wadatar ba?

A'a, Alhaji. Zakka ta talakawa ce, GRA ba ta san da zamanta ba. Zinarin da ya kai nisabi, kimanin giram 85, ya shekara, za a fitar masa da ɗaya cikin arba'in ko bai haifi ko sisi ba, don haka mai ajiye shi ya tanadi tsabar da zai biya.