Aikin sa kai na mishan a ƙauyukan Maya: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne Maya, kuma ina suke?

Mutane ne da suka daɗe a tsakiyar nahiyar Amurka tun kafin zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16. Suna zaune a Gwatamala, da kudancin Meziko, da Beliz, da yammacin Honduras. A ƙidayar Gwatamala ta 2018, sama da kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar sun ce su Maya ne. Harsunansu a ƙasar sun kai 22, manyan cikinsu K'iche' da Q'eqchi' da Mam da Kaqchikel. Masara ce abincin gida, ana dafa ta da farar ƙasa kafin a niƙa a yi 'yar waina mai faɗi da ake gasawa a kan kasko.

Me masu zuwa mishan suke yi idan sun isa?

Galibi ƙungiyar majami'a ce daga Amurka ko Kanada, ta zo ta yi mako ɗaya ko kwana goma. Wasu su gina ɗaki ko ajin makaranta, wasu su buɗe asibitin tafi-da-gidanka, wasu su koyar da yara labaran Littafi Mai Tsarki. Aikin da na fi girmamawa shi ne girka murhu mai bututun hayaƙi. A gidaje da yawa mace tana girki da itace a tsakiyar ɗaki, goyo a bayanta, hayaƙi ya turnuƙe har rufin ya yi baƙi ƙirin. Wannan hayaƙin yana jawo wa yara ciwon huhu, kuma ƙananan yara kan faɗa wuta su ƙone. Murhu ɗaya da aka girka daidai yana rage duka biyun, ya kuma rage itacen da ake sarowa daga dutse.

Ba su san Kiristanci ba ne da har ake kai musu bishara?

Sun sani, tun da daɗewa. Katolika ta zo tare da Sifaniyawa, 'yan Firesbiteriyan suka buɗe mishan a Gwatamala a 1882, sannan majami'un Fentikos suka yaɗu sosai bayan girgizar ƙasa ta 1976 wadda ta kashe kimanin mutum 23,000. Yau da wuya ka shiga ƙauye ba ka tarar da majami'a da fastonta ɗan gari ba. Akwai kuma masu riƙe da al'adun kakanni, da kalandarsu mai kwana 260 da masu kula da ita. Saboda haka baƙon da ya zo, wurin 'yan'uwa masu bi ya zo, kuma a ƙarƙashin faston garin ya kamata ya yi aiki.

Jin Sifaniyanci kaɗai ya wadatar wa mai zuwa?

A birni ya isa. A ƙauye za ka haɗu da tsofaffi, musamman mata, waɗanda harshen gida kaɗai suke ji sosai. Wannan ne abin da Cameron Townsend, wani ɗan mishan Ba'amurke, ya gano lokacin da ya je Gwatamala a 1917 yana sayar da Littafi Mai Tsarki na Sifaniyanci. Ya zauna cikin mutanen Kaqchikel, ya koyi harshensu, ya fassara Sabon Alkawari wanda aka buga a 1931, daga baya ya kafa ƙungiyar fassara ta Wycliffe. Mai zuwa na mako ɗaya ba zai koyi harshe ba, amma zai iya riƙe gaisuwa da godiya, kuma ya biya tafinta ɗan gari haƙƙinsa.

Me ya sa ake cewa sai an san tarihin yaƙi kafin a je?

Domin mutanen da za su ba ka masauki sun rayu a cikinsa. Yaƙin basasar Gwatamala ya ɗauki shekara 36, daga 1960 zuwa 1996. Hukumar binciken gaskiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ce a rahotonta na 1999 an kashe ko an ɓatar da kimanin mutum 200,000, kuma kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka tantance Maya ne. Addini ma ya shiga ciki. Janar Efraín Ríos Montt, wanda ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1983 lokacin da aka ƙone ƙauyukan Ixil, wata ƙabilar Maya, ɗan wata majami'ar bishara ne. A ɗaya ɓangaren, an kashe malaman Katolika da dama, har da Fada Stanley Rother na Oklahoma, wanda aka harbe a Santiago Atitlán ranar 28 ga Yuli 1981. An kai gawarsa Amurka, amma mutanen garin suka roƙi a bar musu zuciyarsa, kuma tana binne a majami'arsu. Wanda ya san wannan ba zai matsa wa dattijo da tambayar inda 'ya'yansa suke ba.

Wane kuskure ne baƙi suka fi yi?

Ɗaukar hoton yara ba izini. A 2000, a garin Todos Santos Cuchumatán, jita-jitar satar yara ta sa taron jama'a suka kashe wani ɗan yawon buɗe ido daga Japan da direban motar da ta kawo shi. A tambayi iyaye tukuna. Sai kuma rabon alawa da kuɗi a kan hanya, wanda ke zubar da mutuncin iyaye a gaban 'ya'yansu. Abin da aka kawo a miƙa shi ta hannun majami'a ko dattawan gari.

Ba gara a aika kuɗin jirgin kawai ba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma sau da yawa amsar ita ce e. Kuɗin tikitin mutum goma sha biyu zai biya magina na gari su yi aikin da ya fi na baƙi kyau. Tafiyar tana da amfani idan mutanen garin ne suka zaɓi aikin, idan likita ko ma'aikaciyar jinya ta bar bayanan marasa lafiya a hannun ma'aikacin lafiya na yankin, kuma idan majami'ar da ta aiko baƙin ta koma ƙauye ɗaya shekara bayan shekara don ta ga ko murhun bara yana aiki.