Waiwaye: yaushe malamin makaranta ya daina zuwa majalisa?

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa kuma, duk teburin mai shayi da ka zauna a Sakkwato zancen ɗaya ne, wai talaka ba ya iya takara yanzu saboda kuɗin fom. To gaskiya ne fom ya yi tsada, a zaɓen 2023 akwai inda fom ɗin majalisar jiha ya kai naira miliyan 2, na wakilai miliyan 10, lokacin kuma mafi ƙarancin albashi 30,000 ne. Amma ni dai ina ganin kafin fom ya hau, an daɗe da rufe ƙofar.

Na baya kowa ya sani. 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU, Malam Aminu Kano da 'yan sawaba, teloli da 'yan koli da malamai. Nan gida ma Shehu Shagari daga aji ya fito ya tai majalisar wakilai a Legas a 1954, kodayake shi ɗan gidan sarauta ne, amma dai albashin malanta yake ci. 1979 aka dawo mulkin farar hula da jam'iyyun NPN da PRP da GNPP da sauransu, ƙarshen Disambar 1983 soja suka karɓa. Wanga duk ana faɗi.

A shiyyarmu akwai wani malamin firamare da ya je majalisar jiha a 1979. Babana ya ce mutanen gari ne suka same shi har gida suka ce kai za ka yi, ya ce da mi? Suka ce ba ruwanka. Ran kasuwa aka shimfiɗa tabarma, mai albasa ya aje nashi, mahauci ya aje, wata tsohuwa mai ƙuli ta kwance bakin zane ta zube sulalla. Da kekenai ya zaga ƙauyuka. Kuma bayan ya ci, in ya zo gida hutu a bakin masallaci ake tsare shi da tambayar ina rijiyar da aka ce, yana gumi yana bayani, don sun san da kuɗinsu ya je.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1986 zuwa 1992. Abu uku suka haɗu cikin shekarun nan kuma kowane shi kaɗai da bai yi wanga ɓarnar ba. Farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja, daga 1986 ta soma zubewa, albashin malami da ma'aikacin asibiti da akawu ya koma ba ya kai ƙarshen wata, mutumin da gari ke zuwa wurinai neman shawara ya koma cin bashin gero wurin ɗan kasuwa, wa zai bi shi kuma? Sai a 1989 gwamnatin soja ta zo da jam'iyyu biyu, SDP da NRC, an gina musu ofis kowace ƙaramar hukuma, ana ba su kuɗin gudanarwa. Niyyar dai a hana masu kuɗi mallake jam'iyya ce, amma mu a ƙauye abin da muka fahimta shi ne ashe jam'iyya wurin karɓa ce ba wurin bayarwa ba. Da can kai ke yankar kati da kuɗinka kana alfahari da shi, yanzu in an kira taro tambayar farko akwai na mota?

Na ukun shi ne ƙato bayan ƙato. Ana kafe hoton ɗan takara, ka bi layi bayansa a ƙirga kawuna rana tsaka. An ce don a rage maguɗi ne, awo ya rage wani. Amma ka tuna, wanda ya ba ka sabulu da atamfa daren jiya yana tsaye gefe yana kallon layin da ka shiga. Da akwati kana iya karɓa ka yi abin da ranka ke so, a layi kuwa babu wannan. Nan mai kuɗi ya gane abin da ya saya zai iso hannunsa, mu kuma muka gane ƙuri'a tana da farashi. An bar layin daga baya amma ɗabi'ar ba ta bar mu ba.

Malamin nan ya sake gwadawa a 1991, bai ko wuce fidda gwani ba. Waɗanda suka yi mai karo-karo shekara 12 baya su ne suka ce Malam, mi ka zo muna da shi?

A 2018 an rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, matasa suka yi ta murna a Facebook. Kujera 30 ce a majalisar jiharmu, kwanan nan na ce wa wani abokina ɗan kabu-kabu mai bakin siyasa ya fito mu tara mai kamar na 79. Ya yi dariya ya ce in fara biyan shi kuɗin da ya kawo ni.