Wa Ke da Haƙƙin Tsofaffin Zane-zanen Ƙananan Halittun Teku?

A shafi na 56 na littafin zane-zanen da masanin halittu Bajamushe Ernst Haeckel ya wallafa tsakanin 1899 da 1904, akwai wata 'yar halitta dangin jatan lande da ƙaguwa, da wutsiyarta a baje kamar ta ɗawisu. Irin waɗannan halittu, da masana ke kira kofefod, yawancinsu ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma sai da madubin ƙara girma ake iya zana su. Yau ana buga hotunan a riguna da littattafan makaranta, kuma tambayar da ke biyo baya ita ce ko doka ta yarda.

Amsar tana rataye ne da shekarar mutuwar mai zanen. Yarjejeniyar Ban ta 1886, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka da aka ƙulla a birnin Ban na Switzerland, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka ya ɗore aƙalla shekara 50 bayan mutuwar mai aikin. Ƙasashen Tarayyar Turai sun mayar da shi 70, haka ma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, kuma ana fara ƙidaya ne daga ƙarshen shekarar mutuwar. Haeckel ya mutu a 1919, saboda haka wa'adinsa ya cika a ƙarshen 1989. Wilhelm Giesbrecht, wanda ya zana kofefod na tekun Nafoli da ke Italiya a littafinsa na 1892, ya mutu a 1913, shi kuwa Georg Ossian Sars na Norway, wanda shi ma ya zana kofefod, ya mutu a 1927. Ayyukansu duka sun zama na kowa da kowa, ana iya kwafa ko sayarwa ba tare da neman izini ba.

Inda gardama ta fi zafi shi ne sabon hoton da ɗakin karatu ko gidan tarihi ya ɗauka na tsohon shafin. A 1999 wata kotun tarayya a New York ta yanke cewa hoton da ya kwafi zane daidai-wa-daida bai haifar da sabon haƙƙi ba, domin babu ƙirƙira a cikinsa. Kotun ƙolin tarayya ta Jamus ta saɓa wa wannan a 2018, amma sashe na 14 na umarnin Tarayyar Turai na 2019 ya rufe ƙofar samun sabon haƙƙi a kan irin wannan hoto, kuma a ganina haka ya dace, tun da na'urar ɗaukar hoto ba ta ƙara komai a kan wahalar mai zanen ba.

Sai dai wanda ya sake fenta zanen da launukansa, ko ya haɗa shi da sabon bayani, yana iya mallakar abin da ya ƙara. Haka kuma Faransa ba ta sanya wa haƙƙin ambaton sunan mai aiki wa'adi ba, don haka duk mai amfani da zanen ya rubuta sunan mai shi da shekarar bugu a ƙasansa.