Nikotin ba a huhu kaɗai yake ɓarna ba

An daɗe ana cewa illar taba a huhu take tsayawa, don haka mai tauna ta ko shaƙar garinta ya tsira. Wannan fahimta tana da dalili, domin tari shi ne alamar da aka fi gani, amma ba cikakkiya ba ce.

Nikotin, wani sinadari da ke cikin taba, yana shiga jini ta fatar baki da ta hanci ko da babu hayaƙi. Cikin kowace jijiyar jini akwai siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta, wanda ke fitar da sinadarin da ke sassauta jijiya, ya kuma hana jini daskarewa a bangonta. Nikotin yana raunana wannan aiki, yana kuma sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, sai jijiyoyi su tsuke, bugun zuciya da hawan jini su ƙaru. Hayaƙi yana ƙara ɓarnar sosai, amma rashinsa ba ya kawar da ita.

Wanda ya riga ya saba da taba zai iya ƙirga bugun jininsa a wuyan hannu na minti 1 kafin ya sha da safe, ya sake ƙirgawa minti 10 bayan ya sha don ya ga bambancin, sannan ya kai wa ma'aikacin lafiya sakamakon.

Don Allah ku isar da wannan bayani ga 'yan uwa da abokan arziki.