Mi ake nufi da tallafin yaɗa ƙwarewa tsakanin makarantu?

Jama'a sallama. In ana zancen gyaran ilimi sai ka ji an ambaci tallafin yaɗa ƙwarewa, wasu kuma da sun ji cewa kuɗi ne ake ba lakol ɗin da ta riga ta yi fice sai ransu ya ɓaci, su ce ai wanga ƙara wa Barno dawaki ne, ga makarantun ƙauye can ko tebur babu. Na gane damuwarsu sarai, amma abin ba kyautar yabo ba ne.

Ga yadda yake. Gwamnati ko masu ba da agaji su duba makarantar da yaranta ke iya karatu da lissafi shekara bayan shekara, su ba ta kuɗi da sharaɗi guda, ta kai dabararta ga makarantun da ke baya. Ba na gini ba ne, ba na sayen mota ba. Da shi ake biyan wanda zai riƙe aji ranar da gwanin malami ya tafi wata lakol, da esans na babur, da fotokopin takardun darasi, da abincin ranakun horo. Wato lokacin malami ake saye, don kowa ya sani mushe ko madam da ke fama da aji cike maƙil ba su da sukunin zuwa koya wa wani sai an rage masu kaya.

A Amurka akwai wasu makarantu da gwamnati ke biya amma su ke tafiyar da kansu, a 1998 doka ta yarda jihohi su ware har kashi 10 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke ba su don irin wanga aiki, da sharaɗin makarantar ta yi shekara 3 a jere tana aiki kuma an ga nasararta, tallafin kuma a lokacin ba ya wuce shekara 2. A Ingila an yi shirin London Challenge daga 2003 zuwa 2011, inda aka riƙa haɗa diraktocin da sunka gwanance da makarantun da ke fama. Sakamakon yaran Landan ya tashi sosai, ko da yake masana har yanzu suna gardama kan kason da shirin ya taka.

Mu nan Tawa ta Nijar abin ba baƙo ba ne gare mu. Malamai sun san CAPED, inda na makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa, ɗaya ya ba da darasi sauran su kalla su gyara mashi. Kuma a jihar nan ne aka fara shirin makaranta don kowa tare da hukumar JICA ta Japan a 2004, aka ƙarfafa kwamitocin COGES masu kula da tafiyar da makaranta ta hanyar zaɓen membobi da tsara aiki tare da iyaye, daga baya ya bazu ƙasa baki ɗaya. Abin da ke ragewa sau da yawa shi ne ɗan kuɗin da zai sa haɗuwar ta ɗore, malamin da ke can cikin karkarar Keita ko Buza da mi zai biya kabu-kabu ya zo?

Inda nake da tsoro shi ne wajen zaɓe. In sakamakon jarabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji kaɗai za a duba, to makarantun kuɗi na Yamai ne za su kwashe, alhali dabarar ajin da ke da fanka da littafi a hannun kowane yaro ba lalle ta yi aiki a ajin zana da iska ke kaɗawa ba. Gara a duba yadda yara sunka shigo da yadda sunka fita, a ɗauko makarantar da ta yi nasara cikin irin wahalar da maƙwabtanta ke sha, ita ce za a saurara. Sannan kada horon ya tsaya ga taro a zaure da rabon kuɗin zama, malamai su shiga ajin juna, a koma bayan wata ɗaya ko biyu a sa yara su karanta a ji ko da canji, kuma COGES na makarantun biyu su san nawa ya shigo da inda aka kashe shi.