RSVP a katin gayyata ba laƙabin masu shirya biki ba ne

Mutane da yawa idan suka ga RSVP a ƙasan katin ɗaurin aure ko na walima, ga sunaye da lambobin waya a ƙarƙashinsa, sai su ɗauka laƙabin masu shirya taron ne, ko waɗanda za a kira in an ɓata hanya. Ba haka ba ne. Haruffan farko ne na jimlar Faransanci "Répondez s'il vous plaît" da Turanci ya ara, wato don Allah a ba da amsa.

Amsar kuwa daga kowa ake jiranta, mai zuwa da wanda ba zai samu zuwa ba. A nan aka fi tuntuɓe, domin wanda uzuri ya riƙe yakan yi shiru abinsa. Abin da ya dace shi ne ka kira lambar kafin ranar da aka ƙayyade, ka faɗi sunanka, ko za ka zo, kuma ku nawa ne. Da wannan lissafin ake gaya wa mai girki yawan abinci, a yi hayar kujeru. In an yi shiru, ko dai abinci ya yi kwantai, ko baƙi su rasa wurin zama.

Sai in an rubuta "Regrets only" ne mai zuwa ba ya buƙatar kira.